Tambaya da Amsa: Wace Mota Za a Yanka, Wace Giya Otomatik Za a Dasa?

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu ɗaya: dashen inji da giya daga wata mota zuwa wata. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Motar da ake ciro kayan daga jikinta ita za mu riƙa kira motar yanka, wadda za a dasa wa kuma motar gida.

Tambaya: Ina da tsohuwar a-kori-kura mai jan baya, injinta ya gaji, giyarta kuma manuwal ce. Ina so in sa mata injin zamani da giya otomatik. In sayi inji daban, giya daban, ko kuwa in nemi mota sukutum in yanka?

Amsa: Malam, nemi mota sukutum, kuma in da hali wadda za ka tayar ka ji kukanta da kunnenka kafin ka biya. Injin zamani da giyarsa ba ƙarafa biyu ba ne da kusoshi suka haɗa kawai. Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana duba yadda ka taka totur, da juyin inji, da gudun mota, da zafin mai, sannan ta yanke lokacin canza giya da ƙarfin matsin da za a ba faifan kuloci. Idan inji ya fito daga wata shekara, giya daga wata, kwamfuta daga wata, to kai ne za ka zama mai sasanta su, kuma sasancin nan shi ke cinye lokaci da kuɗi fiye da ƙarafan kansu.

Ga misali daga injinan kamfanin GM na Amurka da ake kira LS, waɗanda ake yawan dasawa. Masu lita 4.8, 5.3 da 6.0 na motocin Silverado, Sierra, Tahoe da Suburban daga 1999 zuwa wajen 2006 suna da zobe mai alama 24 a jikin karanshaf, wanda sansa ke karantawa don sanin inda fistin yake. Na bayansu suna da mai 58. Daga waje injinan kamar an tsaga kara, amma kwamfutar mai 24 ba za ta tayar da mai 58 ba sai an saka wata na'ura a tsakani. Ana gane su da launin sansar: baƙa ta 24 ce, ruwan toka ta 58. Wanda ya sayi mota ɗaya bai ma san da wannan ciwon kai ba.

Abin da ake cirowa ya wuce inji da giya. A ɗauki konbata, wato tulun mai da ke miƙa ƙarfin inji ga giya otomatik, da faifan ƙarfen da ke haɗa ta da karanshaf, da duk kusoshinsu a leda mai rubutu. A ɗauki kwamfuta, da wayarin ɗin inji gaba ɗaya ba tare da an sa masa almakashi ba, da akwatin fis, da sansar iska, da sansar hayaƙi tare da guntun bututun da suke kai. Idan totur ɗin na lantarki ne, a ɗauki feda da ƙaramin akwatin da ke tsakaninta da kwamfuta in motar na da shi. A ɗauki hannun giya da kebul ɗinsa, da sandar auna man giya da bututunta, da farfela ko ba za ta yi daidai ba, don kanta na gaba za a buƙata. Altaneta, kik, famfon sitiyari da maƙalansu duk su biyo. Sannan makulli da zoben da ke karanta shi, domin motocin da ke da tsarin hana sata ba sa barin inji ya ci gaba da aiki in ba su ga makullinsu ba. A motocin GM na wancan lokaci ana goge wannan tsari daga cikin kwamfuta. In ba a goge ba, inji zai tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya mutu, mutum ya yi ta canza famfon mai a banza.

Amma kafin duk wannan, ɗauki tef ka auna ɗakin injin motarka: faɗi tsakanin ƙarafan shasi, tsawo daga bangon gaban direba zuwa lagireto, tsayi daga ƙarfen da ya gitta ƙasa zuwa bonet, da faɗin ramin da giya ke kwanciya. Duba inda sandar sitiyari ta bi da inda kaskon baƙin mai zai sauka. Injin LS na manyan motoci yana da kasko mai zurfi da kai mai tsayi. Injin 1UZ-FE na Toyota, V8 mai lita 4.0, a motar Lexus LS400 zurfin kaskonsa a gaba yake, a Lexus SC400 kuma a baya. Wannan kaɗai na iya yanke maka wace motar za ka nema.

Tambaya: Na samu motoci uku da za a iya yankawa. Ɗaya an buge ta ta baya, ɗaya ta gaba, ɗaya kuma bodinta lafiya lau amma an ce ta daɗe a ajiye. Wace ce ta fi, kuma me zan duba?

Amsa: Wadda aka buga ta baya. Mota da hatsari ya tsayar tana tafiya ne har zuwa lokacin da aka buge ta, wannan shaida ce mai ƙarfi. Mai bodi lafiya da aka jingine, akwai abin da ya sa aka jingine ta, kuma sau da yawa inji ne ko giya, wato ainihin abin da ka zo saye. Bugun gaba yakan fasa maƙalan altaneta, ya lanƙwasa fulin karanshaf, ya tsaga wuyan giya, kuma idan lagireto ya fashe inji ya ci gaba da aiki ba ruwa, an riga an dafa shi. Wadda ta wuntsila ma a yi hattara, domin inji na iya yin aiki a kife ba mai. Wadda ambaliya ta ci kuwa, a bar ta ko da kyauta ce. Ɗaga kafet, duba laka a ƙarƙashin kujera da kore-kore a bakin soket-soket.

Fara da tabbatar da cewa abin da aka ce maka shi ne a ciki. A motocin GM ɗin da muka ambata, harafi na takwas a lambar shasi yana faɗin injin: V na 4.8 ne, T na 5.3, U na 6.0. Wannan na da muhimmanci don 4.8 da 5.3 gangar jikinsu ɗaya ce, ido ba ya raba su. A cikin akwatin gaban fasinja akwai takarda mai jerin lambobi: M30 na nufin giya 4L60E, MT1 na nufin 4L80E, GT4 kuma aksil mai rabo 3.73, wato farfela na juyi 3.73 kafin taya ta yi juyi ɗaya, GT5 mai 4.10.

Tayar da injin yana sanyi, kada ka yarda a ɗumama maka shi kafin ka zo. Saurari ƙwanƙwasa, dubi launin hayaƙi. Bayan ya yi zafi, a cire fulogi duka, a buɗe totur, a auna matsin kowace silinda. Bambanci tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Jona na'urar karanta kwamfuta, ka duba lambobin matsala da kuma ko an goge su kwanan nan. A 4L60E, lambar P1870 na nuna akwai santsi a ciki, galibi daga ramin bawul ɗin da ke kulle konbata da ya cinye.

Sai giya. Zaro sandar awo ka shafa man a farar takarda. Ja ko ja mai ɗan duhu, ba laifi. Baƙi mai warin ƙuna, faifan kuloci sun ƙone. Idan ya yi kauri ya koma ruwan hoda kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ya shiga, kuma ruwa yana sakin gam ɗin da ke riƙe da fatar faifan, don haka ko giyar na tafiya yau, kwananta ya ƙare. Man da ya yi sabo fil a tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne.

Idan mai motar ya yarda, kwance kaskon giya, domin nan gaskiya take kwance. Za ka ga maganaɗisu a gindin kaskon. Murza abin da ke jikinsa tsakanin yatsu biyu. In laushi ne kamar toka da aka kwaɓa, wannan cin yau da kullum ne. In ka ji tsini yana sukar yatsa, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Launin zinariya a gindin mai daga bushin ko washa yake. Baƙin gari mai yawa kamar an daka gawayi, fatar kuloci ce. Karkata kaskon a rana ka ga yadda ƙyallin ke yawo cikin ragowar man. Minti goma ke nan da za su iya cece ka daga sauke giya sau biyu.

In motar na iya tafiya, taka birki ka sa D, ka sa R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba da duka ba. A hanya, ƙirga giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, ka lura ko juyin inji na tsalle sama tsakanin giya da giya. Ka yi wannan bayan tafiyar minti ashirin, don giya mai ciwo takan ɓoye shi idan mai na da sanyi.

Tambaya: Injin 5.3 zan dasa, kuma motar tana jan tirela da kaya masu nauyi. Wasu sun ce 4L60E ta isa, wasu sun ce sai 4L80E, wani kuma ya ce in tsallake zuwa 6L80. Na rasa na kamawa.

Amsa: Ga mai jan kaya, mu 4L80E za mu ce, matuƙar ramin motar zai ɗauke ta.

Sunayen kansu suna bayani. Lambar farko yawan giyoyin gaba ce, L na nufin giyar a tsaye take bin tsawon mota, 60 ko 80 matakin ƙarfi ne, E kuma na nufin kwamfuta ce ke sarrafa ta. An tsara 4L60E don ƙarfin murɗa na kimanin Nm 490, 4L80E kuma kimanin Nm 600. Injin 5.3 na farkon shekarun 2000 yana bayar da wajen Nm 430 zuwa 450. Ka ga a takarda 4L60E ta isa, kuma ita ce GM ta haɗa da shi. Amma ratar kaɗan ce, kuma nauyi da manyan tayoyi da zafi su ke cinye ratar. Inda take karyewa sananne ne. Kulocin giya ta uku da ta huɗu yana ƙonewa, sai ka ji inji ya yi ihu lokacin shiga ta uku. Akwai kuma wani ƙoƙon ƙarfe a ciki da haƙoransa ke sulɓewa, sai ribas da ta biyu da ta huɗu su ɓace lokaci guda. Ga mota marar nauyi da injin da ba a ƙara wa ƙarfi ba, giya ce mai kyau, ƙarama, kayan gyaranta ko'ina. Rabon giyarta ta farko 3.06 ne, wato inji na juyi 3.06 kafin farfela ta yi juyi ɗaya, tana fizgar mota daga tsaye da kyau, ta huɗu kuma 0.70.

4L80E ta fito a 1991, jikar tsohuwar giyar TH400 ce da aka ƙara wa giya ta huɗu. Rabonta 2.48, 1.48, 1.00 da 0.75. Ta fi tsawo, ta fi kauri, ta fi nauyi sosai. Za ka matsar da ƙarfen da ke tallafe ta, ka rage farfela, ka canza kan farfelar domin sandar fitarta haƙora 32 gare ta, ta 4L60E kuma 27. Idan kwamfutarka daga mota mai 4L60E ta fito, sai an sauya ɓangaren giya a cikin manhajarta, an sauya wa wasu wayoyi gurbi a soket, an ƙara wayar sansa ta biyu da ke auna juyin shiga. Shi ya sa muke cewa in 4L80E kake so, nemi motar da ta zo da ita, wato manyan masu lamba 2500, kuma yawancinsu injin 6.0 ne a ciki. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

6L80 giya shida ce, daga 4.03 har 0.67, kuma tuƙinta da daɗi. Sai dai kwamfutarta a cikin kaskonta take zaune, cikin mai, kuma ba ta magana sai da kwamfutar injin zamaninta ta layin sadarwar da ake kira CAN. Ba ta tafiya da tsohuwar kwamfutar injin mai alama 24 kai tsaye. Idan ita kake so, motar yankarka ta zama wadda aka haife ta da ita. Ka kuma sani cewa 5.3 na 2007 zuwa sama da yawansu na da tsarin kashe silinda huɗu don rage shan mai, kuma ƙarafan da ke ɗaga bawul a wannan tsari sun yi suna wajen maƙalewa. Gyara shi yana kan benci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni ba na son harkar kwamfuta sam. Akwai giya otomatik da za ta yi aiki ba waya?

Amsa: Akwai. TH350 da TH400 giya uku ne, matsin mai da iskar inji ke tafiyar da su, amma ta ƙarshensu 1.00 ce, don haka a doguwar hanya inji zai riƙa ihu yana shan mai. 700R4, wadda ta fito a 1982, giya huɗu ce, rabonta ɗaya da 4L60E, kuma kebul ne daga totur ke gaya mata nauyin da ke kan inji. Mutane na ɗaukar kebul ɗin nan a matsayin na sauke giya kawai, alhali shi ke ƙayyade matsin mai. In ya yi sako-sako, ko maƙalinsa a totur bai zauna a daidai nisa ba, matsi zai yi ƙasa, giyar ta riƙa canzawa da wuri da laushi, kuma za ta iya ƙonewa cikin 'yan kilomita. A saita shi da agogon auna matsi, ba da ido ba.

Idan za a haɗa waɗannan tsofaffin da injin LS, bakin karanshaf ɗinsa ya gaza na tsohon injin Chevrolet da kusan milimita 10, sai an sa zoben cike gurbi don hancin konbata ya samu wurin zama.

Amma kada tsoro ya hana ka abu mai kyau. Giyoyi irin su 4L60E, 4L80E, A340E ta Toyota da 722.6 ta Mercedes duk akwai ƙananan kwamfutoci masu zaman kansu da ake sayarwa don su. Abin da suke nema kaɗan ne: matsayin totur, juyin inji, gudun mota, da siginar birki don sakin konbata. Da haka ake haɗa 722.6 da injin dizal OM606 na Mercedes mai famfon mai marar kwamfuta. ZF 8HP mai giya takwas ta fi su wuya, don ita ma ƙwaƙwalwarta a ciki take. Lambarta na faɗin ƙarfinta: 8HP45 kimanin Nm 450, 8HP70 kimanin Nm 700. Ka sayi abin da zai sarrafa ta tukuna, ko aƙalla ka tabbatar yana goyon bayan ainihin samfurin, kafin ka sayi giyar.

Tambaya: Ta yaya zan san giyar da na zaɓa za ta dace da aksil ɗina na baya?

Amsa: Lissafi ne na minti biyu, kuma mutane ƙalilan ke yin sa. Nemo kewayen tayarka da mita. Taya 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne, kewayenta mita 2.44. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota na cin mita 1,667 a minti, ka raba da 2.44, taya na juyi 683 a minti. Sai ka ninka da rabon aksil, ka ninka da rabon giyar ƙarshe.

Da aksil 4.10 da giya mai ƙarewa a 1.00, inji na juyi 2,800. Da mai ƙarewa a 0.70, ya sauko 1,960. Da aksil 4.88 kuwa, 3,330 ne da kuma 2,330. Babban V8 na fetur yana jin daɗin tafiya tsakanin 1,800 da 2,200. In lissafi ya faɗi ƙasa da 1,500, kamar aksil 3.08 da 0.70 da zai ba ka 1,470, giyar za ta riƙa shiga ta huɗu tana fita a kowane ɗan tudu, kuma wannan kai-kawo shi ke haifar da zafi.

Ka kuma tambayi kanka ko aksil ɗin zai ɗauki sabon ƙarfin. Wanda aka yi wa injin silinda huɗu, in aka ɗora masa V8 da giya ta farko 3.06, haƙoransa ko sandunansa ne za su fara biya. Birki ma haka. Sannan a gaya wa kwamfuta girman taya da rabon aksil na gaskiya, in ba haka ba mita za ta yi ƙarya, giya kuma ta canza a lokacin da bai dace ba.

Tambaya: Motata mai jan ƙafa huɗu ce, amma giyar da na samu daga mai jan baya kawai ta fito. Ba wutsiyar kawai zan canza ba?

Amsa: A'a, Malam. Sandar fita ta bambanta a tsawo, kuma a 4L60E ita ce kusan abu na ƙarshe da ke fitowa, sai an wargaje giyar duka. In dama za a sake gina ta, ba matsala, a canza a lokacin. In ba haka ba, nemi motar yanka mai jan huɗu ka ɗauko giyar da akwatin rabon ƙarfinta tare. Duba ta wane gefe farfelar gaba ke fita, hagu ko dama, ta dace da inda tulun aksil ɗinka na gaba yake. Ka tuna a irin waɗannan motoci sansar gudu a jikin akwatin rabon take. Kuma in ka taɓa rabon aksil ɗaya, dole ɗayan ya bi.

Tambaya: Mun gama dashe, inji ya tashi lafiya, amma an ji wata ƙara sau ɗaya, kuma mota ba ta motsi gaba ko baya. Giyar kuwa na gwada ta da kaina kafin a ciro. Me ya faru?

Amsa: Cire bututun da ke kai mai wurin sanyaya, ka sa bakinsa a gwangwani, a tayar na 'yan daƙiƙu. In mai bai fito ba alhali an cika, alamu sun nuna famfon giya ya karye, kuma abin da ya fi karya shi shi ne konbatar da ba ta zauna ba.

Konbata ba a jikin inji ake fara ɗaura ta ba. A jikin giya ake zura ta tukuna, an zuba mata mai kamar lita ɗaya, an shafa wa wuyanta mai. Ka tallafe ta da hannu biyu, kana juyawa kana turawa a hankali. Za ka ji ta faɗa ciki mataki-mataki, yawanci sau uku: haƙoran sandar shiga, haƙoran sandar da ke tsaye, sannan wuyanta ya shiga kunnuwan famfo. Na ukun nan shi ake rasawa, don bayan na biyu takan yi kamar ta gama. Kada ka dogara da ji kaɗai. Gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin giya, ka auna daga shi zuwa kunnuwan konbata inda kusoshi ke shiga. Auna kuma daga fuskar inji zuwa inda kunnuwan za su taɓa faifai. Na farko ya fi na biyu da milimita 3 zuwa 5.

Lokacin haɗawa, giya ta manne da inji da hannu, turakun saiti guda biyu suna wurinsu. Idan rata ta rage aka ce bari a jawo ta da kusoshi, nan ake murƙushe famfo. Bayan an ɗaure, sa yatsa ta ƙasa: konbata ta juya sakayau, sannan ka jawo ta gaba wannan 'yar ratar ta taɓa faifai. In ta matse ba ta juyawa, tsaya, sauke. In ratar ta wuce milimita 5, jawo ta zai zare ta daga famfo, sai a cike da washa masu kauri ɗaya. Injin da ya fito daga mota manuwal kuma akwai ƙaramin boris a ramin karanshaf, a cire shi, in ba haka ba hancin konbata ba zai shiga ba.

Tunda giyar za ta sauko, a wanke bututai da wurin sanyaya mai sosai ko a canza su, domin ɓarɓashin famfon yana ciki yana jiran sabuwar. A sa mai sanyaya na daban a gaban lagireto in motar na jan kaya. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 da 95 na Salsiyas, in ya riƙa haura 120 yana lalacewa da sauri. A zuba irin man da aka rubuta wa giyar: Dexron ga na GM, Dexron, T-IV ko WS ga na Toyota gwargwadon samfuri, na ZF ga 8HP. Busasshiyar 4L60E da konbatarta na shan wajen lita 10 zuwa 11, kuma ana duba ma'auni ne inji na aiki, mai ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan an bi da hannun giya ta kowane matsayi.

Wani abu dabam da ke kama da lalacewa: idan 4L60E ta rasa wuta a soket ɗinta, takan tashi a giya ta uku ta zauna nan, mota ta yi nauyi kamar an ɗaure ta. Fis ne ko waya, ba giya ba.

Tambaya: Komai na aiki, sai dai daga kilomita 80 zuwa sama mota na rawa daga ƙasa. An yi wa tayoyi balansi sau biyu.

Amsa: Dubi farfela. Sa ma'aunin kusurwa a jikin giya, a jikin farfela, da a bakin aksil, mota na tsaye a kan tayoyinta da nauyinta. Karkatar kuros na gaba da na baya kowanne ya kasance tsakanin digiri 1 da 3, kuma kada su bambanta da juna fiye da digiri ɗaya. Ana gyara wannan da ɗaga ko sauke wutsiyar giya, ko sa wejin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin. In an yanke farfela an yi walda, kunnuwan kuros na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, kuma a kai ta a yi mata balansi a inji. Kan da ke zamewa cikin wutsiyar giya ya rage masa wurin shiga kamar milimita 20 zuwa 25. In ya yi tsawo zai daki cikin giya a kan gargada, in ya gajarta zai yi lilo ya cinye bushin da sil.

Kafin motar ta hau titi, gwada kik a kowane matsayi: ya yi aiki a P da N kaɗai. Ka ajiye rasit da lambar shasin motar yanka da lambar injin, ka sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora, domin dokar canza inji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, alal misali, injin da za a dasa sai ya kasance na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da duk kayan tace hayaƙinsa a jiki.